Wa Ya Faɗa Maka?

Aikina ƙirga.
A ɗakin littattafai na jami'a, can Harobanda,
nake zama da odinatar mai tari in kuran ya yi rauni,
ina ƙirga wa ya ambaci wa,
sau nawa, a wace shekara, a gindin wane shafi.

Kafin ƙirga sai wanki.
Mutum ɗaya kan zo mini da riga uku:
nasaran Faransa sun rubuta sunansa da tasu,
na Ingila da tasu,
mujallar Dakar ta haɗiye masa harafi.
Ni ke haɗa shi ya koma ɗan uwarsa.
Wanda ya ambaci kansa sau tara na cire takwas,
na bar masa ɗaya don kunya.
Sannan in zana ɗigo da zare,
yanar gizo-gizo ta masana,
in ga wa ke tsakiya, wa ke lilo a gefe.

Zalika ƙanwata aikinta baki.
Da asuba take kama mutane, kafin koko,
ta goga auduga a dasashi,
ta shafa a faranti, ta rufe,
ta ba shi ɗumi irin na jikin mutum
kwana biyu cur.
Ta ce bakin kowa gari ne,
da 'yan gida, da baƙi, da masu fasa bango.
Ta ɗiga ruwan marke a tsakiyar farantin,
ƙwayoyin suka ja da baya
suka bar fili kamar an share masussuka.
Ta auna da ma'auni: milimita goma sha huɗu.
Ta sake sau uku, don sau ɗaya mafarki ne.

Marken na Nomau ne,
mai aswaki a bakin Katako,
mutumin Adar, haƙoransa talatin da ɗaya,
ɗayan jaki ya karɓa.
Shi ya ce mata a yanko kafin rana ta hau,
shi ya ce na gefen fadama ya fi ɗaci.
Ya dangwala yatsa a takardar yarda.
A rahoto sunansa Lamba Arba'in da Bakwai.
An ɓoye shi ne don a kare shi, in ji doka,
kuma dokar ba ta yi ƙarya ba.

Sai Abarshi da kamararsa.
Wata biyar yana bin su,
daga Katako zuwa ɗakin gwaji, ya haye gada ya dawo,
awa talatin da shida ya tara,
ya zauna ya sassaƙe ta zuwa minti hamsin.
Ran da aka haska a bangon tsakar gidanmu
muka yi ta musu har shayi ya huce:
fim na mai ido ne,
ko na mai almakashi,
ko na mai bakin da aka ara?
A ƙarshe dai fari a kan baƙi ya rubuta Abarshi.

Nomau ya kalla har ƙarshe yana tauna itacensa.
Ya ce, yaro, ka yi kyan aiki,
amma ina wurin da na ce
na ji daga gwaggota Kuluwa,
ita ta ji daga mijinta wanzami,
shi daga wata Buzuwa a rijiyar Abalak
wadda ba wanda ya tambayi sunanta?

Abarshi ya ce ya yi tsawo.
Minti biyu ne da rabi.

Shekara sha ɗaya ina wannan ƙirga,
ban ga gindin shafi mai tsabta haka ba,
har da inda zaren ya tsinke ya faɗa.

Da safe na buɗe odinatar.
Ta nemi shekara, ta nemi mujalla, ta nemi shafi.
Na sa Kuluwa, ta yi ja.
Na sa rijiyar Abalak, ta yi ja.
Kuran ya ɗauke.
Na jawo fensir.